Abin Yi Idan Gaban Mota Ya Zame a Kwana Lokacin Ruwa

Ana yayyafi, ka tunkaro kwana da gudun da ka saba shan ta kullum, ka murza sitiyari, sai ka ji ya yi sakayau a hannunka. Tayoyin gaba sun juya, mota ba ta juya ba. Hancinta ya miƙe yana neman bakin titi ko hannun masu tahowa. Wannan ita ce zamewar gaba. A busasshiyar kwalta taya takan yi ƙara ta gargaɗe ka kafin ta saki, amma a jiƙaƙƙiya sau da yawa shiru za ka ji, ba wata alama sai sauƙin da sitiyari ya yi.

Duk girman mota, inda take taɓa ƙasa wuri huɗu ne, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Riƙon da taya take samu a wannan ɗan wuri yana da iyaka, kuma tukunya ɗaya ce: daga ita birki yake ɗiba, daga ita totur yake ɗiba, daga ita sitiyari yake ɗiba. Abin da ɗaya ya ɗauka, sauran sun rasa. A yawancin ƙananan motocin yanzu injin yana gaba, kuma tayoyin gaba ne ke jan motar. Su ne ke ja, su ne ke juyawa, su ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka na birki, ga kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a kansu. Sai ruwa ya zo ya rage abin da ke cikin tukunyar, wani lokaci har ya raba shi biyu. Dole su fara saki.

Da gangan ma masu ƙera motoci suke saita su yadda gaba zai riga baya saki, domin direba ya fi sauƙin ceto motar da ta miƙe, amma wadda bayanta ya wulwulo sai gwani. Don haka ɗan miƙewa idan an wuce gona da iri ba alamar lalacewa ba ce. Abin damuwa shi ne motar da take zamewa a gudun da sauran motoci suke wucewa lafiya, ko wadda bara ba ta yi, bana take yi.

Lokacin da abin yake faruwa

Abu na farko da hannu zai so yi shi ne ƙara murza sitiyari, kuma shi ne babban kuskure. Taya tana ba da cikakken riƙonta na gefe ne idan ta ɗan karkace daga inda take tafiya da 'yan digiri kaɗan. Da an wuce nan, ta daina birgima ta bi hanya, ta koma kankarar kwalta a kaikaice. Kowane ƙarin murzawa nesanta ta yake yi da riƙo. Akwai kuma haɗari na biyu da ke biyo baya: idan gudu ya ragu, tayoyin suka kama ƙasa alhali sitiyari yana murɗe sosai, motar za ta fizga cikin kwanar farat ɗaya, ko ta tsallaka hannun wasu ko bayanta ya juyo.

Fara da ƙafa. Ɗaga ta daga totur a hankali, kamar cikin daƙiƙa guda, kada ka zare ta kamar ka taka wuta. Amfaninsa biyu ne. Riƙon da ake kashewa wajen jan mota ya dawo wa sitiyari, sannan raguwar gudu tana tura nauyi gaba, ta danne tayoyin da suka zame a kan kwalta. Idan ka zare ƙafa da gaggawa, nauyin zai bar baya lokaci guda, bayan ya yi sauƙi ya zame, an gudu ba a tsira ba.

Sannan ka sassauta sitiyarin, ka ɗan mayar da shi wajen miƙe har ka ji nauyi ya dawo hannunka. Nan ne wahalar take, saboda zuciya tana ganin kamar kana kai kanka ramin da kake gudu. Amma ba da yawa ake buƙata ba, sau da yawa bai wuce taƙi ɗaya a kan kambun sitiyarin ba. Nauyin nan da ya dawo shi ne shaidar cewa taya ta koma birgima. Daga nan sai ka sake shiga kwanar sannu a hankali. Duk wannan lokacin idonka ya tsaya a kan inda kake son motar ta je, kada ya kafe a kan bishiya ko shingen da kake tsoro, don hannu ido yake bi. Hannaye biyu a kan sitiyari, wajen ƙarfe 9 da ƙarfe 3 na agogo, domin da hannu ɗaya ba za ka ji lokacin da riƙo ya tafi ko ya dawo ba.

Maganar birki ta danganta da motar. Idan tana da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, kuma ka ga ɗaga ƙafa kaɗai ba zai isa ba, sassauta sitiyari ka taka birki sosai, ka riƙe shi. Za ka ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka da wata ƙara kamar ana gurza ƙarfe. Aikinta take yi, kada ka saki, kada kuma ka riƙa bugawa kana ɗagawa. Idan ba ta da ABS, birki mai ƙarfi zai kulle tayoyin gaba, kullalliyar taya kuwa ba ta jin sitiyari ko kaɗan, santal za ta tafi duk inda aka juya ta. Da ka ji sun kulle, sassauta ƙafa har su koma juyawa, sannan ka sake matsawa a hankali.

Kada ka taɓa birkin hannu. Kada kuma ka sauke giya a tsakiyar kwana, domin a motar da gaba ke ja, riƙewar injin a kan tayoyin gaban take sauka, waɗanda dama sun riga sun gaza.

Motoci da yawa suna da na'urar daidaita tafiya da ake rubutawa ESC ko ESP. Ta zama tilas a sababbin ƙananan motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Idan ta ga motar ba ta juyawa gwargwadon sitiyari, sai ta rage ƙarfin injin ta kama birkin tayar baya ta cikin kwana, don ta ja hancin motar ciki. Fitilarta, mai hoton mota da layuka biyu a murɗe, takan yi ƙyafta-ƙyafta a lokacin. Idan kuwa fitilar ta kama ta zauna, ko dai an kashe na'urar ko tana da matsala, a duba ta kafin a shiga ruwa. Tana taimakawa ƙwarai, amma riƙon da ke akwai kawai take rarrabawa, ba ta iya ƙirƙiro wanda babu.

Gudun da aka shiga kwana da shi

Riƙon da kwana take nema ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Ka ninka gudu sau biyu, buƙatar ta ninku sau huɗu. Daga kilomita 50 a awa zuwa 70 kawai, buƙatar ta kusa ninkuwa biyu. Juya lissafin: idan ruwa ya raba riƙo biyu, kwanar da iyakarta 70 ce a bushe ta koma 50. Haka nan saukowa daga 60 zuwa 50 yana rage wa tayoyi kusan kashi 30 cikin 100 na aikin. 

Gama birki da sauya giya tun motar tana miƙe, kafin bakin kwanar. Saki birkin a hankali yayin da kake fara juyawa, don kada gaba ya yi tsalle ya rasa nauyinsa. Murza sitiyari sau ɗaya cikin laushi. A tsakiyar kwana riƙe totur daidai, ba ƙari ba ragi, sai ka fara miƙar da sitiyari sannan ka ƙara wuta. Zamewar da ake yi a shataletale sau da yawa daga nan take: direba ya hango mafita ya danna totur alhali tayoyi suna juye. Masu motar da ƙafa huɗu ke ja su kula sosai, don saurin tashinta a kan ruwa yana ruɗar mutum, alhali a kwana da wajen birki tafin hannu huɗun nan ne dai take da su kamar kowa.

Kwalta ta fi santsi a farkon ruwa bayan an daɗe ba a yi ba, lokacin da ƙura da baƙin mai da ɓurɓushin roba suka jiƙe suka zama kamar sabulu, kafin ruwa mai ƙarfi ya wanke su. Fentin layi, murfin ƙarfe na magudana, mahaɗar gada, laka da ganyen da ya jiƙe, duk sun fi kwalta santsi. Idan ka ga launuka kamar bakan gizo a kan ruwan titi, mai ne ya zube, ka tsallake shi a miƙe ba birki ba totur. Tazarar da ke tsakaninka da na gaba ta koma daƙiƙa 4 maimakon 2, na'urar riƙe gudu kuma a kashe ta.

Tayoyin kansu

Idan tuƙin ya gyaru amma gaban bai daina zamewa ba, a fara bincike daga abin da ba ya cin kuɗi, wato iska. Lambar da ta dace tana kan takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko cikin murfin tanki, ko a littafin motar. A ƙananan motoci yawanci ma'aunin iskar tsakanin psi 30 ne da 35, wato bar 2.1 zuwa 2.4, kuma na gaba yakan bambanta da na baya. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da geji tayar tana sanyi, bayan motar ta huta awa 3, ko kafin ta yi tafiyar da ta kai kilomita 2. Lafiyayyar taya ma tana rasa kusan psi 1 a wata, kuma duk saukar sanyi na digiri 5 zuwa 6 yana cin wani psi 1. Ido ba ya gane wannan, sai geji.

Wasu suna rage iska idan ruwa ya sauka wai don taya ta ƙara shimfiɗuwa ta kama ƙasa. Wannan dabarar yashi ce, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta cutarwa take yi. Taya mai ƙarancin iska tsakiyarta yakan lotsa ciki, ramukan zanenta su matse, ruwa ya taru a ƙarƙashinta ya rasa hanyar fita, gefenta kuma ya lanƙwashe a kwana. Binciken da hukumar NASA mai binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi a 1963 kan tayoyin jiragen sama ya nuna cewa gudun da taya take hawa kan kwantaccen ruwa gaba ɗaya yana tafiya ne da yawan iskar cikinta. Bisa wannan lissafi, taya mai psi 32 tana hawa ruwa a wajen kilomita 94 a awa, mai psi 24 kuwa a wajen 82. Kuma tun kafin a kai nan riƙon ya fara zubewa. Cika iska fiye da ƙima shi ma ba magani ba ne, yana rage faɗin inda taya ke taɓa ƙasa, ya sa ta riƙa tsalle a kan gargada.

Sai zurfin zane. Aikin ramukan nan shi ne kwashe ruwa daga gaban taya su watsar gefe, don roba ta sami kwalta. Sabuwar taya tana zuwa da kusan milimita 7 zuwa 8. Iyakar doka a Tarayyar Turai da Birtaniya milimita 1.6 ce. Duba kafaɗar tayar, za ka ga ɗan alwatika ko haruffan TWI, ka bi saitinsu zuwa cikin ramin, akwai ɗan tudun roba a kwance a ciki. Ranar da zanen ya yi daidai da tudun nan, an kai 1.6. Amma wanda yake yawan tuƙi cikin ruwa bai kamata ya jira wannan ranar ba, milimita 3 ita ce inda ya dace a canza, domin daga nan ƙarfin kwashe ruwan yake faɗuwa da sauri. Idan babu gejin zane, tsinken ashana da rula sun isa: cusa tsinken cikin rami, sa farce a daidai saman robar, ka ɗora a kan rula. Auna wuri uku a faɗin tayar, ciki da tsakiya da waje. Murza sitiyari har ƙarshe kafin ka duba, saboda gefen ciki ne ya fi ɓoye suɗewa. Taya takan yi kyau daga waje alhali cikinta ya zama sumul kamar tafin hannu.

Zane mai zurfi ma ba ya ceton tsohuwar roba. Da shekaru, rana da zafi suna busar da ita ta yi tauri, ta daina nutsewa cikin ƙananan ramukan kwalta, kuma a ruwa ake fara ganin hakan. Nemi rubutun DOT a gefen tayar, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Daga shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, a shekara 10 kuma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Wasu kamfanonin motoci ma shekara 6 suke cewa. Ƙananan tsage-tsage a gindin ramuka, ko roba mai sheƙi wadda farce ba ya shiga, sun isa hujja. Mai sayen tayar hannu ya fara karanta wannan lamba kafin ya kalli zane.

Duba kuma yadda aka ɗaura ta. Tayar da zanenta yake kamar kan kibiya tana da alamar kibiya da kalmar Rotation a gefe, dole ta fuskanci inda tayar ke juyawa idan ana tafiya gaba. Idan aka juya ta, maimakon ta kori ruwa waje sai ta tattaro shi tsakiya. Wadda aka rubuta wa Outside kuma, wannan gefen ne yake kallon waje. Tayoyi biyu na gaba su zama iri ɗaya, girma ɗaya, zurfin zane kusan ɗaya.

Wajen sayen sabuwa, takardar Tarayyar Turai da ake mannawa a jikin taya tana nuna darajar riƙonta a ruwa daga A zuwa E tun watan Mayun 2021, A ce mafi kyau. Nemi A ko B. A tsarin Amurka kuma ana rubuta AA, A, B ko C a gefen tayar bayan kalmar Traction. Duka biyun gwajin birki ne a miƙe, ba na kwana ba, amma robar da ta tsaya da kyau a ruwa yawanci tana riƙe kwana ma. A ƙasashen sanyi, tayar bazara tana taurara idan yanayi ya sauko ƙasa da digiri 7, sai a koma ta hunturu ko ta kowane yanayi.

Kuskuren da ya fi kama da dabara

Wanda gaban motarsa ke zamewa, tunaninsa na farko shi ne ya sayi sababbi biyu ya sa a gaba, tsofaffin su koma baya. A ranar farko zai ji daɗi, sitiyari ya yi kaifi. Amma abin da ya yi shi ne ya mayar da raunin inda ba shi da iko a kansa. Idan bayan ya hau ruwa a kwana, ba sitiyarin da zai yi sauƙi ya gargaɗe shi, kuma ɗaga ƙafar da ke ceton gaba ita ce ke ƙara wulwula baya. Shi ya sa manyan kamfanonin taya suke cewa idan biyu kawai za a canza, sababbin su tafi baya, ko da gaba ne ke jan motar. Idan na bayan suna da sauran zane mai kyau, su dawo gaba. Idan ba su da shi, gaskiyar magana huɗu motar take buƙata. Sauya wa tayoyi wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 yana sa su cinye tare, wannan zaɓin ma ba zai taso ba.

Ƙafar mota

Yadda taya ta cinye yana faɗin abin da ke damun ƙafar. Kafaɗu biyu sun cinye, tsakiya na nan: ƙarancin iska. Tsakiya kaɗai: iska ta yi yawa. Gefe ɗaya kawai: saitin ƙafa ya goce, a je a yi alaimen. Shafa tafin hannu a faɗin zanen, idan ta wani ɓangare santsi ta ɗayan kuma kaifi kamar haƙoran zarto, tayoyin ba sa kallon gaba daidai, wato tun a miƙe suna jan juna suna cin riƙon da ya kamata a ajiye wa kwana. Faɗawa rami ɗaya mai kyau ko bugun dakalin titi ya isa ya jawo haka.

Idan kuwa cin ya zama lotsa-lotsa a zagayen tayar, shokozoba ake zargi. Aikinsa shi ne danne taya a ƙasa bayan ta hau gargada. Wanda ya mutu yana barin ta tana tsalle, duk tsalle ɗaya kuma dama ce ga ruwa ya shiga ƙarƙashinta. Leƙa ka ga ko mai yana tsatsa a jikinsa. Danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki, ta tashi ta zauna sau ɗaya, in ta ci gaba da lilo ya gama aiki, ko da yake wanda ya raunana kaɗan yana iya tsallake wannan gwajin. Biyu-biyu ake canza su, hagu da dama. A ɗaga motar a jak, a kama taya a wajen ƙarfe 3 da 9 a girgiza, sannan 12 da 6. Motsi ko ƙwas-ƙwas yana nuna tayarod, boljoyin ko boris sun saki. A gyara waɗannan da bushin ɗin da suka tsage kafin a yi alaimen, in ba haka ba saitin ba zai zauna ba.

Kaya masu nauyi a can ƙarshen but, ko tirelar da ta danne bayan mota, suna ɗaga hanci su rage wa tayoyin gaba nauyi. A tura masu nauyin ciki, jikin kujerar baya, a kuma ƙara iska zuwa lambar cikakken lodi da ke kan takardar ƙofa. Masu yi wa mota kwaskwarima su sani cewa ƙara wa gaba tauri, ta sifirin ko ta ƙarfen sitabilaiza, ƙara zamewar gaba yake yi, taya mai faɗi fiye da ta asali kuma ta fi saurin hawa kwantaccen ruwa.

Hawan ruwan nan ma yana da nasa hukuncin. Idan ka faɗa kwantaccen ruwa, sitiyari ya mutu gaba ɗaya, injin ya yi kuka sama saboda tayoyi suna juyawa a banza, riƙe sitiyarin daidai inda hanya ta nufa, sassauta totur, kada ka taɓa birki har sai ka ji tayoyin sun sauka a kwalta. Bin sawun motar da ke gaba, daga nesa, yana taimakawa, tunda ta riga ta kore ruwan.

Bayan an sa sababbin tayoyi, a bi su a hankali na 'yan ɗaruruwan kilomita na farko, domin fuskarsu tana da santsin masana'anta da sai kwalta ta goge. A sake auna iskarsu washegari da safe kafin a tayar da motar, saboda ana yawan barin su da iskar da aka ɗaura su da ita, wadda ta fi ta takardar ƙofa.